Turbo a Motar Kai Inna Asibiti

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taka? Mu nan Agege lafiya, sai ɓacin rai.

Ƙaninka Sani ya sa wa motar da ka bar mana turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, wai ta riƙa tashi kamar jirgi. A gosulon Legas! A gabana bakanike a Ogba ya ce masa, "Oga, injin nan da ma matsinsa da yawa. In za ka ƙara tura masa iska, sai an sauya fistin an rage matsin, in ba haka ba zai ci kansa." Sani ya ce tsoro ne, ya kai wa wani ya ɗaura haka nan.

Ranar kai Inna asibiti, injin ya hau ƙwanƙwasa, ya ɗau zafi, ya mutu a Ikeja. Fistin ya narke. Da sandarta muka cusa tsohuwar nan a bas ɗin danfo, kafin mu isa likita ya tashi.

Ka kira Sani, ni ba ya jin maganata. Ka gai da Gwaggo, ku sa Inna a addu'a. Jirgin Sani kuwa yana kan duwatsu a Ogba, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Ƙanwarka,
Rabi