Abin da Ya Makantar da Malam Zubair

Bahauddeen Yusha'u Karaye,
Manajan Gonar Gwaji ta Jami'a,
Ƙaramar Hukumar Rogo.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Magatakardan Jami'a.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KUSKURE A RAHOTON RITAYAR MALAM ZUBAIR ABDULSALAMI, MA'AIKACIN FESHI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina mai gabatar da ƙorafi kan rahoton Kwamitin Likitoci na 6 ga Fabrairu, 2024, wanda ya yi wa wannan ma'aikaci ritaya bisa dalilin makanta, bayan shekara goma sha tara yana aiki a ƙarƙashina.

1. Rahoton ya ce ciwon ido ne na gado. Ba haka ba ne. Na san gidansu a Jajaye. Mahaifinsa ya haura tamanin yana karatu ba tabarau.

2. Ranar 11 ga Yuli, 2022, da hantsi, tiyon famfon feshi ya fashe a filin gyaɗa, maganin ciyawa ya watsu masa a fuska. Sau biyu ya kawo mini kukan tiyon nan kafin ranar. Ba ya sanye da tabarau na kariya, domin suna kulle a sito. Na ɓoye su ne don a nuna wa baƙin da za su zo duba gona a makon.

3. Ban cike fom ɗin haɗari ba. Na ji tsoron ya ɓata mini rahoton baƙin. Na sa ya wanke ido a bakin rijiya, na ba shi hutun kwana uku. Bai ga likita ba sai bayan wata biyu.

4. Da Kwamitin ya tambaye ni a rubuce ko ya taɓa yin haɗari a bakin aiki, na rubuta babu, na sa hannu. Kwamitin bai kira ko ɗaya daga cikin ma'aikata huɗun da abin ya faru a gabansu ba. Wannan ma ƙorafi ne, amma ba ya wanke ni.

5. A watan jiya na gamu da shi wajen ta'aziyya a Rogo Sabon Gari, matarsa Maijidda ta kawo shi har ƙofar gida. Da muryata ya gane ni. Ya riƙe hannuna a gaban jama'a, yana ta yi mini godiyar hutun nan na kwana uku.

Don haka ina roƙon a sake zaman Kwamitin, a saurari shaidun, a gyara dalilin ritayar zuwa rauni a bakin aiki, domin jami'a ta ɗauki nauyin jinyar idonsa na hagu, wanda har yanzu yana ɗan ganin haske. Ina kuma roƙon a gurfanar da ni gaban Kwamitin Ladabtarwa. In da hali, a jinkirta sanar da Malam Zubair zuwa Juma'a, domin ina so ya fara ji daga bakina.

Ka huta lafiya. Naka mai biyayya,

Bahauddeen Yusha'u Karaye