Ƙaramin Direba Mai Jar Hula

Fadikpe, Minna

Zuwa ga ɗana Zikrullahi,

Yau Talata, na tashi da sauƙi, sai dai ƙafar hagu da ta kumbura da rawar hannun nan da ka sani. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rukayya da jikata Haula, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Kunnena ya daina jin waya, shi ya sa nake rubutu. Barira, maƙwabciyar da ke kawo mini abinci, za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Direbanka ya kawo kwalin daga Abuja, tare da saƙonka cewa in haɗa 'yar motar tseren da ke ciki, ranar da na gama za ka zo da Haula ku ɗauka. Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Aikin ba na wasa ba ne. Kayan duk a manne suke jikin ƙashin roba, sai na yanke su da reza, in goge bakin da samfefa, in ɗiga gam da tsinken sakace. Wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. A baranda nake zama da hantsi, tire a kan cinya, ina jiran hannun ya lafa kafin in kama hantsaki. Jiya madubin gefe ya faɗi, na yi rarrafe ina lalube har matan gidan haya suka fito kallo. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga haƙoransu.

Akwai wani ɗan mutum-mutumi a ciki, direban motar. Abokina Ndaliman, wanda ke riƙe hannuna zuwa masallaci, ya ce mai shekaruna bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da siffar mutum ba, kada mala'ikun rahama su ƙi shigowa ranar da nake buƙatarsu. Na yarda da shi. Na naɗe mutum-mutumin a tsumma na ajiye waje.

Ka gaida mutanen gida.

Mahaifinka,
Uthman Tsado

Fadikpe, Minna

Zuwa ga ɗana Zikrullahi,

Yau Alhamis, tari ya hana ni sukuni tun da ruwa ya sauka. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar iyali.

Barira ta nuna mini amsarka. Da na tura hoton motar, na zaci za ka lura da jan fentin da na yi ta maimaitawa saboda danshin damina, da lambobin da ake jiƙawa a ruwa kafin su zame kan ƙofa, da salansar da na shafa wa toka don ta yi kamar ta sha wuta. Abin da ka gani shi ne kujera babu kowa. Ka ce mota ba direba ba ta kammala ba, Haula ba za ta so ta haka ba, in ƙarasa tukuna.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga baya na kwance tsumman, na fito da ɗan direban. Na yi masa jar hula da farar riga, na zana masa bel ɗin kujera da gashin burushi guda. Idanun ne suka fi ba ni wuya, ba don ƙanƙantarsu ba. Da na ɗiga na biyun sai na ga yana kallona.

Ndaliman ya zo da la'asar, ya hango shi a kan taga, ya tsaya a bakin ƙofa. Na yi masa bayani cewa kayan wasan yarinya ne, kuma kwana kaɗan zai yi. Ya ce tun muna makaranta a Bida bai taɓa ganin na sayar da abin da na sani ba sai yau, kuma a kan ɗan da ke da mota ta gaske amma ya kasa hawanta ya zo Minna. Na mayar masa da maganar da ba ta dace ba a kan nasa 'ya'yan. Tun ranar a ɗaki nake salla.

To, motar ta kammala. Ka ce za ku zo Asabar. Na sa Barira ta sayo doyar garin Gwada, wadda kake so tun kana yaro.

Mahaifinka,
Uthman Tsado

Fadikpe, Minna

Zuwa ga Zikrullahi,

Yau Asabar, jikin babu daɗi. Ina fatan kuna lafiya.

Tun safe na yi wanka, na sa babbar riga, na zauna a baranda da motar a kan tire, na rufe ta da ƙyalle don Haula ta buɗe da kanta. Bayan azahar motarka ta tsaya a ƙofar gida. Na miƙe ba sanda, abin da na daɗe ban yi ba. Direbanka ne ya fito shi kaɗai, rungume da wani kwali da ya ninka na farko.

Na miƙa masa motar. Ya ce ba a ce masa ya karɓo komai ba. Ya yaba aikin, yana dariya, ya ɗaga murya yadda zan ji, har da matan gidan, ya ce ai ka yi mamaki da na gama. Wai shi ka aika kanti tun farko, ka ce ya zaɓo wadda za ta fi cin lokaci, yanzu kuma ka ce ya nemo wadda ta fi ta. Ya ci doyar, ya tafi.

Na buɗe sabon kwalin. Mota ce da rumfar gyaranta, da makanikai tsaitsaye kewaye da ita, kowanne da fuskar da ke jiran idanu. Da ka tambaye ni, da na gaya maka ba sai ka wahala ba. Rawar hannun ta kai inda ko cokali sai na dafa da ɗayan.

Ƙaramin direban yana nan kan taga, ya riƙe sitiyari. Na kasa jefar da shi, ni na yi masa ido.

Mahaifinka,
Uthman Tsado

Na aika Barira ta gaya wa Ndaliman ina neman afuwarsa, ya zo ya kai ni magariba. Na jira da takalmi a ƙafa har aka sallame. Shi ma bai zo ba.