Irin Dawar Baba

Talata Mafara

Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya haƙurin ambaliya? Tun da na dawo daga Damri na ga rumbunanku kwance cikin laka hankalina bai kwanta ba. Na bi mahauta da 'yan kasuwa, muka tara dawa mai yawa. Don in hutar da ku daka, na kai inji an niƙe duka, har da buhun da kika ba ni ajiya. Mota na tafe ranar Laraba.

Ƙanenki, Imrana

Damri

Imrana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Gari ya iso, mutane sun ci sun sa maka albarka. Ni ban sa ba.

Buhun nan sai da na kutsa ruwa har ƙirji na fiddo shi. Irin kaurar Baba ne, wanda ya shekara arba'in yana zaɓar zangarniyarsa da hannunsa. Na ba ka ne don ɗakinka busasshe ne. Kwana biyu ka yi nan kana tattare farar riga kada laka ta taɓa ta, ka koma birni ka zama mai ceton talakawa. Ɗan manomi, amma bai san iri ba. In damina ta faɗi ka zo ka shuka mana gari. Na raina wayonka, kuma ban ɓoye maka ba.

Ka gaida matarka Hafiza, ita ba ruwanta.

Hussaina

Faru, ƙasar Maradun

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Kunya ta hana ni amsawa da wuri. Na tuna Baba ya taɓa ɗibar wa ƙanwarsa Gwaggo Lantana irin nan, sai na hau babur na zo Faru. Ta yi mini dariya har da hawaye, ta ce sai na yi mata yankan dawa yini uku. Hannuna duk ya yi kanta. Ga zangarniya tara da ta zaɓa, ban ko sussuke su ba.

Ki yafe mini.

Imrana

Damri

Imrana,

Salamu alaikum. Sun iso. Kaurar Baba ce, tun daga ƙofa na gane ta. Na rataye su sama da murhu, inda Baba ke rataye nasa.

Ranar shuka ka zo, ka bar farar rigar a gida. Kai ne mai sungumi, ni ce mai zubawa, don iri ba ya sake shiga hannunka.

Allah Ya kai mu.

Yayarka, Hussaina