Allah Ya Maido wa Bawa Gajiyarsa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Allah shi haskaka kabarinki.

Inna, kwanakin nan na kasa zama wuri guda. In na buɗe littafi, layi biyu na rufe. Autanki Bawa ne ya hana ni sukuni.

Kin tuna gayyar gonarmu ta Fakku? Kina ƙarƙashin tsamiya da ƙwaryar fura, mai gangar noma yana zuga samari, wanda ya riga fita kuyya shi ne gwarzo. Da azahar kowa ya zube a inuwa. Kina cewa, "Gajiya ladanin jiki ce, in ta yi kira a amsa."

To, an toshe bakin ladanin. Tun da aka samu mulkin kai, motocin da suka kawo tutoci suka kawo wata farar ƙwaya kasuwar Tambuwal. Tana nan a tire, kusa da allura da maganin ciwon kai. Direbobi suka fara, manoma suka ɗauka. Yau mai gayya a kunu yake jefa ta, samari su sha su yi ta noma har magariba kamar masu iskoki.

Da ita Bawa ya ci gayyar Kebbe, ya ci ta Sanyinna, makaɗa suna ta wasa shi. Amma ya rame, idonsa ya faɗa, tuwo ba ya shiga. Ranar maimai na tarar da shi yana sare gero tare da ciyawa, tafin hannunsa duk jini, yana dariya.

Abin da ke ƙona mini rai, Inna: a ji warin burkutu a bakin mutum, yara su raka shi gida da ature. Ita wannan ba ta wari, sai kirari. Na je wurin wani malami, ya ce magani ce, bai ga sunanta a littafi ba. Na ce Allah gafarta malam, littafin nan ni ma na karanta shi, bai ce a shinshina ba, abin da ke taɓa hankali ya ce a duba.

Asabar za a nome gonarki. Na sanar cewa kunu ni zan dama da hannuna, mai ƙwaya ya zauna gida. An ce tsofaffi kaɗai za su zo. Su zo.

Hauyar Bawa tana ƙarƙashin gadona. Ya yi ta zage-zage, ya ce ni ba uwarsa ba ce. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na zo gare ki, Innata.

Allah shi jiƙan ki, shi sa kin huta. Shi kuma Bawa, Allah ya maido masa da gajiyarsa, ya shigo da azahar, ya zube kan tabarmarki ya yi barci.

Ɗiyarki,
Kulu