Na Goge Saƙon Ƙanwata, Tumakina Biyu Suka Mutu

Inna Fanta, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki kuma rufa mini asiri, don abin da zan faɗa miki ko maigidana bai sani ba. Yau kwana shida abinci ba ya yi mini daɗi, in na zauna a kan keken ɗinki sai in tarar na haɗa hannun riga a baibai.

Ni tela ce a Zango, nan cikin Zinder, shekaruna arba'in da huɗu. Bayan ɗinki ina ɗan kiwo a bayan ɗaki. Tumaki shida gare ni, yanzu saura huɗu. A cikinsu akwai wata farar balamiya da muke ce wa 'Yar Inna, jikar tunkiyar da mahaifiyata ta bar mini ce, Allah ya jiƙanta. Yanzu haka cikinta ya tsufa, ga ta duk ta rame, haƙarƙari a waje. Kin dai san yadda ruwa ya ɗauke mana bana ana tsakiyar damina. Ciyawa babu, harawa sai mai rabo.

Akwai wani gurup na wasap da muke ciki, na masu kiwon gida, mun fi mutum ɗari biyu. Wani dattijo, Malam Alkasum, tsohon ma'aikacin kula da dabbobi, shi ya buɗe shi shekara uku da suka wuce, kuma ina cikin goman farko. A da in aka yi tambaya a kan dusa ko kanwa ko tunkiyar da ta ƙi ɗanta, sunana ake kira. Ba yabon kai ba, tun ina 'yar shekara bakwai nake share garke.

Bara na saka ƙanwata Wasila a ciki, 'yar ƙanin babana. Ni na goye ta, Inna. Ni na ba ta akuyar da ta fara kiwo da ita, ni na nuna mata inda ake danna bokal, wato saƙon murya. Yarinyar da in rago ya yi atishawa sai ta ruga ɗaki! To, ta shigo ta yi shiru wata biyu cur, ko tari ba ta yi ba. Ashe tana can tana bin tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Mu namu duk bokal ne, mutum ya yi minti biyar yana gaisuwa kafin ya kai ga magana, kuma abin nema na waya ba ya gano abin da ke cikin murya. Sai ta tsiri wata ɗabi'a, duk bokal mai amfani ta saurara, ta rubuta kan maganar a ƙasansa cikin layi biyu. In wani ya yi tambaya, kafin ka ce me, ta lalubo amsar da aka bayar wata takwas baya ta turo masa. Ita kanta ba ta taɓa tambaya sai ta duba ta rasa.

Shi ke nan fa gurup ya koma nata. Malama Wasila, Malama Wasila, har mazan da suka haife ta. Ranar da abin ya fi tsaya mini a rai, wata mata daga Kara-Kara ta yi tambaya a kan ragon da ya daina cin dusa, Wasila ta zaƙulo tsohon bayanina, nawa na kaina, ta rubuta shi tsaf ta turo. Gaskiya ta sa sunana a ƙasa, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma mutum goma sha ɗaya suka yi godiya, na ƙirga, kuma dukansu ita suka gode wa. Bayan sati biyu Malam Alkasum ya yi mata admin, wato mai kula da gurup. Ni da na shekara uku, ko a tambaye ni ina so.

Na yi mata murna a gurup har da hoton fure. Amma daga ranar, duk safiya in na buɗe waya, sai in zaɓe saƙonninta in goge daga wayata, ban karanta ko ɗaya ba. Na riƙa gaya wa kaina wai waya ce ta cika. Ƙarya nake, hotunan ɗinki sun fi dubu a ciki ban taɓa su ba. Ganin sunanta ne kawai ba na so. Wata huɗu ina haka kullum kamar shara.

Makon jiya yayana Mutari ya aiko mini da amalanke guda na dawa daga gonarsa ta Damagaram Takaya. Dawar ba ta wuce gwiwa ba fari ya tsayar da ita, sai ya yanke ta ɗanya, ya ce gara dabbobi su amfana. Na yi ta sa masa albarka. Da hantsi na zuba musu. Ragona babba da wata 'yar tunkiya, su ne masu haɗama, suka ture sauran suka hau ci. Ba a yi awa guda ba na ji motsi, na fito na tarar suna haki suna tangaɗi, kumfa a baki. Kafin azahar duk biyun sun tafi, ko yanka ban samu an yi ba. Allah ya taimake ni 'Yar Inna na ɗaure a gefe saboda cikinta, ba ta kai baki ba.

Ina kuka na yi bokal na minti shida na tura gurup. Malam Alkasum ya amsa da rubutu gajere, ya yi mini jaje, ya ce in janye dawar maza, kuma an yi wannan magana sati uku da suka wuce, Wasila ta rubuta gargaɗi a kan gubar dawar da fari ya kama da abin da ya kamata a yi da ita, in rubuta dawa a wurin nema zan gani. A gaban mutum ɗari biyu, Inna! Kamar wata 'yar lakwal da ba ta yi aikin da malami ya ba ta ba. Na rubuta dawa na nema. Ba abin da ya fito sai godiyar mutane, wannan ya ce Allah ya saka wa Wasila ya kwashe tasa, waccan ta ce saura kaɗan ta zuba wa awakinta. Godiya jere, amma saƙon da ake godiya a kai babu shi, da hannuna na goge.

Washegari Wasila ta zo jaje a kan babur ɗin kabu-kabu da damin harawa biyu, a wannan shekara da kowa ke ɓoye tasa. Na leƙo ta taga na gan ta, na shige ɗaki na sa aka ce ba na nan. Ta ajiye ta tafi. Ta kira sau huɗu ban ɗauka ba. Harawarta ce tumakina ke ci yanzu, kuma ko ita in na zuba sai in ji haushi, wai komai sai ta hannunta. Abin da ya rage ba zai wuce kwana uku ba. Bayan shi ba ni da komai sai tulin dawar nan, ban san ko in ta bushe za ta ciwu ba, ko zubarwa zan yi.

In na sake tambaya a gurup za a ce in duba. In na ce ban gani ba za a gane. Ita kuwa, yaya zan buɗe baki in ce wa yarinyar da na goya ta sake turo mini abin da na goge don baƙin cikinta? Wani lokaci ina jin in fita in buɗe nawa gurup, in ga ko za a bi ni. Ki gaya mini gaskiya, ba a wulaƙanta ni ba? Kuma ya zan yi da 'Yar Inna?

Taki, Yayar da aka manta, Zango.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ture wasiƙu bakwai gefe na ɗauki taki yau, don sauran za su iya jira, tunkiya mai ciki ba za ta iya ba. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa.

Mu fara da garke. Kada ko ganye ɗaya na dawar nan ya shiga bakinsu, ki ɗauke ta daga inda za su kai. Ni ba likitar dabbobi ba ce, ba zan ce miki in ta bushe ta gyaru ba. Ki ɗebi kaɗan a leda gobe da safe ki kai ofishin kula da dabbobi, ki faɗa musu inda aka yanko ta da yadda biyun suka mutu. Ki kuma kira Mutari yau, ki tabbata bai aika wa wani da sauran ba.

Kin tambaye ni ko an wulaƙanta ki. Kaɗan. Mace na kuka a kan gawar ragonta, ba lokacin koya mata bincike ba ne, da Malam Alkasum ya sake turo saƙon ba abin da zai ragu a jikinsa. Kuma zafin da kika ji ranar da aka gode wa wata a kan iliminki, kowa aka yi wa zai ji, har ni. Amma ki tsaya nan. Dattijon bai san wayarki ta zama rariya ba, ya ɗauka dannawa ɗaya za ki yi ki gani. Ita kuma Wasila, na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman laifinta ban samu ba. Ke da bakinki kika ce ta sa sunanki. Ba iliminki ta ɗauke ba, tsince shi ta yi daga inda ya nutse. Ba don ita ba, bayaninki na dusa da tuni ya ɓace cikin bokal dubu.

Abin da take yi ba sihiri ba ne, ke ma za ki iya cikin mako guda. Kafin ki yi tambaya ki nema tukuna, kuma kada ki tsaya a kalma ɗaya. In dawa ba ta fito ba ki gwada kara, ki gwada kumburi ko kumfa, ki gwada da Faransanci tunda wasu da shi suke rubutu. In kin samu, ki duba ranar da aka rubuta, don shawarar shekarar ruwa ba lallai ta yi aiki bana ba, ki kuma karanta har ƙasa, sau da yawa gyaran yana zuwa bayan amsar farko. Wanda ya yi miki amfani ki sa masa tauraro. In kin rasa, sai ki tambaya a rubuce, gaisuwa layi ɗaya, sannan wace dabba, me ta ci, yaushe, ki ƙara da cewa kin duba ba ki gani ba. Dabbar da ke haki kuwa ba a tsayawa bincike a kanta, likita ake nema.

Maganar buɗe naki gurup, ki bar ta. Za ki zama admin na mutum shida, kuma ba wanda zai gargaɗe ki a cikinsu.

Saura mai wuyar. Ki yafa mayafi ki je gidan Wasila da ƙafarki, ba a waya ba. Na san a wurinmu babba ba ya son zuwa tambaya wurin ƙarami, amma ki duba abin da wannan kunya ta riga ta ci miki. Ki yi tunanin abin da ke ranta ita ma. Ta rubuta gargaɗi, ta tabbata yayarta ta gani, sai ga tumakin yayar sun mutu, an kuma rufe mata ƙofa. Wataƙila tana can tana tuhumar kanta don ba ta kira ki ta faɗa miki da baki ba. Ki gode mata harawa, ki ce ta sake turo miki saƙon. In za ki iya faɗin dalilin ɓatansa, ki faɗa, sau ɗaya za ki ji nauyin. Wadda ta ɗauko dami biyu a kan kabu-kabu a shekarar fari ba za ta kai ki gurup ta tona ba. Daga nan ki ce ta zauna da littafi da biro, ki zuba mata abin da kika sani tun kina shekara bakwai, ta rubuta da sunanki.

Harawar kwana uku gare ki, don haka yau za ki je, ba jibi ba. Allah ya sauki 'Yar Inna lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya wanke miki zuciya. Abin da ya faru a garkenki kuma, in kin samu natsuwa, ki ba da labarinsa a gurup a rubuce, ki sa kalmar dawa a layin farko, don wata ta nema ta samu kafin ta zuba wa nata.

Taku, Inna Fanta.