Malam Ƙi-gwaji

Tudun Wada

Zuwa ga 'yata Muhsina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da jikokina. Mu ma ƙalau muke, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna. Ki yi haƙuri da rubutun, ɗan aji huɗu ne ya riƙe biro.

Kin tuna ranar da kika kara min waya a baki, kika ce in yi muryar wani dattijo mai taurin kai da ya ƙi gwajin ƙanjamau? Kin ce zane ne mai motsi da kuke yi a wurin aikinku don wayar da kai, ba mai gane ni. To, masu tura waƙoƙi a waya sun cika kasuwa da shi. Dattijon gajere ne, ni dogo, amma kun bar tarina a ciki. Har Fulanin Doguwa Malam Ƙi-gwaji suke kirana.

Ina ta dariya, sai abin ya kai kunnen Kyauta, bazawarar da nake nema. Kin san gidan ya yi min faɗi tun rasuwar mahaifiyarki. Ta aiko ƙanenta Tasi'u, wai ta ji ina rantsuwa ba mai ɗibar jinina, don haka in zauna gidana. Na ce wasa ne, ta ce muryar dai tawa ce.

Ki taya ni addu'a.

Mahaifinki,
Dikko

*

Muhsina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kowa, na je asibiti gwajin. Ranar kasuwa na zaɓa don a shaida, Kyauta na gaba ina biye.

A wurin jira akwai talabijin a bango, kuma zanenku ake nunawa. Haka na zauna a layi da katina a hannu, muryata a saman kaina tana cewa ba za ta zo ba. Wani makiyayi, Buba, ya dube ni ya dubi bango, ya ce tunda ni ma na zo, zai kawo ƙannensa. Ma'aikaciyar kuwa sai da ta share hawayen dariya kafin ta kama yatsana. Na runtse ido ina salati, ashe har ta gama.

Alhamdulillahi, mu duka lafiya. An sa rana bayan girbin masara. Ki zo da wuri, ke ce uwar ango.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Dikko