Ɗaya Cikin Huɗu

Bangalore, 6 ga Yuli

Zuwa ga matata Shahanara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Ruksana da Inna da abin da ke cikinki. Yau wata uku da kwana tara rabona da Murshidabad. Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, kin san kunnen Inna.

Kin sha tambayata aikin da nake yi, ina ce miki kiwon kifi. Ko Basappa, tsohon da muke aiki tare, tsokanata yake wai bai taɓa ganin Babangale, ɗan ƙabilarmu ta masu son cin kifi, ya shekara tara gaban kifi bai kai ɗaya baki ba. Kifayen 'yan mitsi-mitsi ne masu ratsi, ƙwansu garau kamar gilashi, a madubin ƙara girman abu har bugun zuciya kana gani.

Dakta Shailaja, shugabarmu, ta ce kowace ƙwayar halitta tana da ɗaki a tsakiya inda umarni yake, a bangonsa kuma akwai wani furotin mai shigar da saƙo, kamar mai gadi. Ta lalata shi a kifayenmu. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowanne yana ɗauke da lahanin a ɓoye. In na haɗa su, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan hanyoyin jininsa ba sa tsirowa. Zuciya tana ta bugu, jini ba inda za shi.

Shahanara, kifayen da nake haɗawa 'yan gida ɗaya ne. Ke 'yar kawuna ce. Ciki biyu ya zube mana bayan Ruksana. Tun da kika faɗa mini wannan na yanzu, in na duƙa a kan madubin, shi nake tunani.

Naki,
Mofizul

Bangalore, 28 ga Yuli

Shahanara,

Ina gaishe ki, ya nauyin jiki? Ki shafa mini kan Ruksana.

Na yi abin kunya. Dokar wurin nan ita ce a rana ta biyar da haihuwarsu a zuba marasa lafiyan a ruwan ƙanƙara su mutu su huta. Aikina ne, na yi shi sau dubu. Wata biyu ke nan na kasa. Ina ɓoye su a faranti bayan kwalaben abinci, ina sauya musu ruwa, ko Allah zai sa ɗaya ya yi iyo.

Shekaranjiya Dakta ta gani. Ta yi mini tas a gaban ɗalibai, wai azaba nake ƙara musu, na kuma ɓata mata lissafi. Raina ya ɓaci. Shekara tara hannuna ke haɗa kifin nan, ban taɓa ganin sunana ko a gindin takardunta ba. Amma gaskiya a bakinta take, kumbura suke yi su mutu a hankali.

Da ta ji dalili sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce Mofizul, matarka ba kifi ba ce. Ba ta san ko lahanin nan yana cikin mutane ba, kuma ciki yana zubewa don dalilai ɗari. Na roƙe ta ta ce babu komai. Ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Na ji haushinta, na kuma yarda da ita.

Ta rubuta sunan hoton da za a yi miki da cikin ya kai wata biyar, ga shi na haɗo. Ki sa yayanki Anisur ya kai ki asibitin Baharampur. In Inna ta ce a zamaninsu ba a leƙa ciki, ki ce ni na ce. Ki tambaye su zuciya da hanyoyin jini. Don Allah kar ki ɓoye mini komai.

Mijinki,
Mofizul

Bangalore, 19 ga Agusta

Shahanara,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso da hoton. Ban gane komai a ciki ba sai da Dakta ta ɗora mini yatsa: ga zuciya, ga babbar hanyar jini ta fito daga cikinta. Ta ce abin da ake iya gani lafiya lau, sauran sai an haihu. Basappa ya ce hancina ne, Allah ya ba yaron haƙuri.

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. Saura wata huɗu, hutu kuma an ce sai Disamba.

Na koma zuba su a ƙanƙara, ina kau da kai. Jiya Dakta ta sa na ƙirga duka don gyara lissafin da na ɓata. Waɗanda na ɓoye sittin da uku ne, ban tsira da ko ɗaya ba. 'Yan'uwansu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗari da tamanin da bakwai, suna nan suna iyo a tanki na shida. Ban taɓa ƙirga su ba sai jiya.

Ki ci abinci, ki bar wa Anisur ɗaukar ruwa.

Naki har kullum,
Mofizul